Yadda Za Ka Gane Kanari Na Gaskiya: Darasin Da Na Koyo A Keffi

Duk wanda ke zaune a Agege ko Sabon Ibadan ya san yadda kukan kanari a ƙofar shago ke tuna wa mutum gida. Shi ya sa bara na sayi guda ɗaya a keji. Wata biyu ina ba shi gero, ko uffan bai ce ba. Da na je hutu Keffi na ba kawuna labari, sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, mace aka sayar maka, in ma kanarin ne. Gobe da asuba ka biyo ni gona."

Mun fita ta wajen kogin Antau, inda ɗorawa da kaɗanya suka yi inuwa. A irin wannan daji mai bishiyoyi tsilli-tsilli kanari ya fi zama, yana sauka ƙasa cin 'ya'yan ciyawa. Kawu ya ce in fara kasa kunne kafin in ɗaga ido. Namiji kan hau can saman reshe ya saki kuka siriri mai zaƙi, ya ɗan tsaya, ya sake.

Ga alamomin da ya nuna mini. Na farko, girma: bai wuce santimita 11 zuwa 13 ba, bakinsa gajere mai kauri. Na biyu, fuska, kuma nan ne maganar take. Goshi da gira ruwan ɗorawa ne, saman kai da ƙeya toka-toka, sannan ga baƙin layi ya sauko daga gefen baki kamar gashin baki. Na uku, ƙirji da ciki ruwan ɗorawa, baya kore-kore. Idan ya tashi, za ka hangi ruwan ɗorawa a saman gindin jelarsa.

Mace fa? Launinta bai kai nasa haske ba, kuma tana da ɗige-ɗige masu duhu jere a wuya kamar sarƙa. Da na ji haka sai na tuna da tsuntsun da ke kejina a Legas. Wallahi sarƙar na nan a wuyanta!

Wanda aka fi ruɗar mutane da shi kuwa shi ne marai, mai saƙa sheƙa tana reto a reshe. Shi ma rawaya ne, amma ya fi girma, bakinsa ya fi tsawo, kuma hayaniya yake yi cikin taro. Sheƙar kanari 'yar ƙarama ce kamar ƙoƙo, a maƙale tsakanin rassa, da ƙwai 3 ko 4.

Masana suna kiran namu Crithagra mozambica. Ɗan uwansa ne wanda Turawa ke kiwo, wanda asalinsa tsibiran Kanari ne a tekun Atilantika, inda sunan ya fito.

Muna dawowa Kawu ya faɗi abin da ya tsaya mini a rai. Ya ce masu tarko ba sa zaɓe, kuma in aka kama uwa tana kan ƙwai, sheƙar gaba ɗaya ta mutu. Wadda na saya wataƙila haka aka yi da ita.

Don haka 'yan uwa, kafin ka miƙa kuɗi, duba gira, duba wuya, ka jira ka ji kuka. Ni dai ban ƙara saye ba. In na yi marmarin kukan, na san bishiyar da zan tsaya a ƙarƙashinta a Keffi.