Yadda Ake Shirya Keke Mai Araha Domin Doguwar Tafiya

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da gwamnati ta janye tallafin man fetur, ɗalibi yakan yi lissafi sau biyu kafin ya doshi tasha. Wannan ne ya sa da hutu ya zo, ni da wani ɗan ajinmu muka yanke shawarar zuwa Nok daga Kafanchan a kan keke, ta hanyar Kwoi, domin mu ga garin da muka daɗe muna jin labarinsa a aji. A can ne masu haƙar kuza suka fara tono kayan yumɓun nan a 1928, kafin Bernard Fagg ya shiga nazarinsu daga 1943. Kwana uku muka ware, zuwa da dawowa. Ba labarin tafiyar zan kawo a nan ba. Abin da nake son bayyana wa 'yan'uwa ɗalibai shi ne yadda mai ƙaramin ƙarfi zai shirya dokin ƙarfensa, da kuma inda ya kamata 'yan kuɗinsa su tafi.

Da farko dai, wane keke za a saya? A kasuwanninmu akwai baƙin keke mai sanda, irin su Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya, waɗanda suka ɗauko ƙirar tsohon Raleigh na Ingila. Akwai na hannu masu giya, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam. Sannan akwai sababbi masu ƙyalli da sifirin gaba da baya, masu ɗaukar idon samari. Wannan na ukun, a ganina, a bar wa yara su zagaya unguwa. Sifirin mai araha nauyi ne kawai, yana shanye ƙarfin da mutum ke sa wa feda, kuma sau da yawa ba shi da wurin ɗaura kariya.

Tsakanin sauran biyun, tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: in ya lalace a ƙauye, za a sami kayansa? Tayar baƙin keke inci 28 ce, ta yawancin masu giya kuma inci 26, duka biyu ana samunsu a wajen masu gyara. Amma cikin 'yan Beljiyam akwai masu siririyar taya wadda lambarta ta fita daban, in ta fashe maka a bayan Kwoi sai dai ka ɗora keken a mota. Lambar tana rubuce a gefen taya, a karanta kafin a biya kuɗi. A kuma duba duk inda aka yi wa ƙarfen walda, ko akwai tsaga ko fentin da aka shafa don ɓoye ta. Tsaya a bayan keken ka hango: in tayar gaba da ta baya ba sa kan layi ɗaya, ya taɓa yin karo, ka bar shi komai sauƙin kuɗinsa. Shawarata ita ce kada a kashe duk abin da ke aljihu wajen saye. A rage kamar kashi ɗaya cikin uku domin gyara.

Mafi yawan kuɗin gyaran nan ƙafafu ne za su ci. Ɗaga keken ka juya taya kana kallon tsakaninta da robar birki. In rim yana kai-kawo hagu da dama, to sifok ne suka saki, wato siraran wayoyin nan da ke riƙe da rim. Yawanci guda 36 ne a kowace ƙafa, wasu tsofaffin kekuna kuma 40 a baya. Kama su bibbiyu ka matsa da hannu, za ka ji wanda ya yi sako-sako. Hikimar ita ce, nauyi a rabe yake a tsakaninsu, saboda haka in ɗaya ya saki sai maƙwabtansa su ɗauki kayansa, daga nan su fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Ɗaurin sifok aikin gwani ne, kada ka koya a kan keken da za ka yi tafiya da shi. Ka kai wa dattijon mai gyara, ka zauna kusa da shi kana kallo.

Tayar baya ita ke ɗauke da kai da kayanka, don haka in kuɗinka na taya ɗaya ne, ita za ka sabunta. Kada a manta da ƙyallen roba da ke kwance cikin rim yana rufe kawunan sifok. Abu ne da ba wanda ke kulawa da shi, amma in ya yage, tub zai riƙa hujewa daga ciki, ka yi ta faci kana zargin ƙaya. Iska kuma a bugo ta sosai. Taya mai laushi in ta faɗa rami da kaya, rim ne zai cije tub ya bar huji biyu kusa da juna.

Sai birki. Duk wanda ya san ƙasarmu ta kudancin Kaduna ya san ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar ta Kano. Tudu ne da gangare, ga duwatsun Kagoro suna kallon Kafanchan. Baƙo yakan ji tsoron hawa, alhali hawa gajiya kawai yake kawowa, in abin ya gagara ka sauka ka tura, ba kunya a ciki. Gangare shi ke kai mutum asibiti. A sa sabuwar robar birki gaba da baya, a daidaita ta yadda za ta kama rim kafin hannun birkin ya taɓo kan keke. In mai waya ne, a duba ko zaren wayar ya fara warwarewa. A gangare mai tsawo ana kamawa ne ana saki, da hannu biyu, tun kafin gudu ya yi yawa. Danne na gaba shi kaɗai yana iya wurgo mutum ta sama, na baya shi kaɗai kuma sai taya ta zame. Wani abu da ya kamata mai baƙin keke ya sani: rim na ƙarfe in ya jiƙe, roba ba ta kama shi da wuri. In ruwa ya sauko, a nemi rumfa.

Boris na ƙafafu da na feda da na wuyan keke a buɗe a wanke da kananzir, a cika da sabon giris. Sarƙa mai kaɗan take so, a ɗiga a goge. Na ga masu zuba mata manja, wanda daga baya yake daskarewa ya kama ƙura, musamman lokacin hunturu. Sirdi kuma a ɗaga shi har sai in ka ɗora dunduniya a kan feda tana ƙasa, ƙafarka ta miƙe. Yawancinmu muna hawa da sirdi a ƙasa don ƙafa ta taɓa ƙasa, wannan ba ya damun mai zuwa cefane, amma bayan awa huɗu gwiwa za ta ba da labari.

A nan bari in ɗan ratse, tunda mu ɗaliban harshe ne. Ni Hausa a kasuwa da makaranta na koye ta, mai gyaran da ya yi mini aiki shi ma ba Bahaushe ba ne, amma da Hausa muka yi cinikinmu daga farko har ƙarshe. Na lura faci da sholisho da kariya da sifana da boris duk aro ne daga Ingilishi da suka bi tsarin furucin Hausa, yayin da sirdi aka ɗauko shi daga doki aka ɗora wa keke. Mai neman batun kundin digiri zai iya kwana a rumfar mai gyara.

Game da kaya, kada a goya jaka a baya, tana kashe kafaɗa, tana kuma sa keke rawa. A raba kayan gida biyu daidai wa daida, a rataya a gefen kariya hagu da dama, masu nauyi a ƙasa, a ɗaure da robar tsohon tub. A tabbata dunduniya ba ta bugun jaka, kuma babu igiyar da ke lilo kusa da taya. Notin kariya su ne suka fi saurin kwancewa, a riƙa taɓa su kowace safiya. Abin da ba a bari a gida: famfo, tub guda, faci da sholisho, sifana da filaya, sifok uku ko huɗu, tocila, gorar ruwa biyu, da ƙullin gishiri da sukari.

Masu iya magana sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Mako guda kafin tafiya, ɗora duk kayan da za ka ɗauka, ba rabi ba, ka je Kagoro ko Matsirga, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, ka dawo. Ni a wannan gwaji ne sifok biyu suka tsinke mini a baya, don na yi rowar kuɗin ɗauri na ce ai keken yana tafiya lafiya cikin gari. Da na turo shi rumfar mai gyara, sai da baban ya gama dariya sannan ya ce da ni ɗan makaranta, da a dajin hanyar Nok abin ya same ni da wa zan kira.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Janairu, bayan ruwa ya ɗauke, kafin zafin bazara. Mai son haɗawa da kallo, bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu ake yin sa kowace shekara. A tashi da sassafe, a huta da tsakar rana, a isa masauki kafin la'asar sakaliya. Yankinmu ya sha fama da tashin hankali da hare-hare, saboda haka tafiyar dare babu ita, kuma ba a tafiya mutum ɗaya. A tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a ranar, a riƙe katin makaranta saboda shingen jami'an tsaro, a kuma gaya wa na gida inda za a kwana. In ba ka da kowa a garin da ka sauka, fara da gidan mai unguwa, ka jingine keke a waje, ka yi sallama, ka faɗi daga inda kake da abin da ya kawo ka.