Tsimi da Tanadi a Hidimar Auren Hausawa

1.0 Gabatarwa

Da wuya a yi doguwar hira a kan aure a ƙasar Hausa ba a gangaro kan tsadarsa ba. Samari suna kukan lefe, iyayen mata suna kukan kayan ɗaki da gara, malamai kuma suna jan kunne a kan almubazzaranci. Sakamakon wannan tsada ba ɓoyayye ba ne: jinkirin aure, da cin bashi, da sayar da gona ko dabba saboda shagalin mako guda. Wannan maƙala za ta duba inda dukiya take tafiya a hidimar aure, da dabarun da al'umma ta gada na rage wannan nauyi, da kuma inda tsimi yake yiwuwa ba tare da an tauye haƙƙin kowa ba.

2.0 Wajibi da al'ada

Matakin farko na tsimi shi ne rarrabewa tsakanin abin da shari'a ta wajabta da abin da al'ada ta ɗora. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Hausawa suke bi, aure yana tsayuwa ne da waliyyi, da sadaki, da shaidu biyu adilai, da siga, watau nema da bayarwa. Mafi ƙarancin sadaki shi ne rubu'in dinari na zinariya ko dirhami uku na azurfa. Da yake nauyin dinari kimanin giram 4.25 ne, rubu'insa bai wuce giram ɗaya da 'yan kai ba. Walima kuwa mustahabbi ce, kuma ana yin ta gwargwadon hali. Bayan waɗannan, abin da ya rataya a wuyan miji shi ne ciyarwa da tufatarwa da muhalli.

Sauran abubuwa duk al'ada ce ta kawo su. Ta fuskar ango akwai toshi, da kuɗin na-gani-ina-so, da kuɗin gaisuwar iyaye, da kayan sa rana, da lefe, da kuɗin sayen baki. Ta fuskar iyayen amarya akwai kayan ɗaki, da abincin 'yan biki tun daga kamu har zuwa buɗar kai, da gara, wadda takan ƙunshi hatsi da mai da alkaki da nakiya da dubulan. Idan aka auna, za a tarar sadaki, wanda shi ne wajibi, ƙaramin kaso ne na abin da ake kashewa. Saboda haka duk mai son rage tsadar aure, a cikin al'ada zai nemi ragin.

3.0 Yadda nauyin ya ƙaru

Tarihin kalmar lefe kaɗai ya isa ya nuna yadda abin ya sauya. Asalinta sunan wani kwando ne da ake saƙawa da kaba, wanda ake zuba 'yan tufafin amarya a ciki. Daga baya kwalla da fantimoti suka maye gurbinsa, sannan akwati, sannan jerin akwatuna, amma sunan bai canza ba. Haka nan jeren ɗaki ya tashi daga ƙore zuwa tasoshi, daga nan zuwa kwanuka da langa, har ya kai ga tangaran da kujeru da na'urorin lantarki.

Sauyin ya yi sauri ne a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur suka yawaita a Nijeriya, musamman bayan ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975. Kayan waje suka cika kasuwa, abin da dā sai gidan sarauta ko na attajiri ya zama abin da ake sa ran gani a ɗakin kowace amarya. Da darajar naira ta soma faɗuwa daga 1986, samu ya ja baya, amma ma'aunin da jama'a suka saba da shi bai ja baya ba. Daga bisani kuma aka ƙaro dina da anko da hayar zauren taro da ɗaukar hoto.

Wajibi ne a lura cewa lefe da kayan ɗaki da gara a ɗaure suke da juna. Idan dangin ango suka kawo lefe mai yawa, dangin amarya sukan ga tilas su rama da jere da gara masu yawa, don kada a raina 'yarsu a gidan miji. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 a kan aure a Maraɗi, ta nuna cewa waɗannan kyaututtuka hanya ce ta bayyana darajar amarya da yawan jama'ar uwarta. Wannan ne ya sa wa'azi kaɗai bai cika rage su ba, domin abin da ake karewa mutunci ne.

4.0 Dabarun tanadi na gargajiya

Bahaushe bai taɓa ɗaukar aure a matsayin hidimar mutum ɗaya ko ta lokaci ɗaya ba. Ya rarraba nauyinsa ta fuska biyu: a kan shekaru, da kuma a kan mutane.

Ta fuskar shekaru, uwa takan fara tara wa 'yarta kayan ɗaki tun tana ƙarama. Ribar ƙuli-ƙuli ko fura ko ƙosai takan koma kwano ɗaya yau, tasa ɗaya gobe, a adana a ƙarƙashin gado. Akan kuma saya wa yarinya akuya ko tunkiya, ta hayayyafa, a sayar idan aure ya matso. Shi ma saurayi yakan yi gayauna, watau 'yar gonar kansa ban da ta gandu, ya tara abin da ya samu. A karkara akan sa ranar biki bayan kaka, lokacin da rumbu yake cike, hatsi kuma yake da araha.

Ta fuskar mutane, akwai adashi, inda ake zubi a ba mai hidima kwasa a kan kari. Akwai kuma biki, watau gudummawar da mata suke kai wa juna, wadda ake riƙe lissafinta a rama idan hidimar mai bayarwa ta zo. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, ya nuna yadda ƙawance da irin wannan musayar kyauta suke tallafar mace a lokutan hidima. Dangi su ma sukan raba kaya: baffa ya ɗauki gado, kawu ya ɗauki katifa, gwaggo ta ɗauki tukwane, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai biki bashi ne a fakaice. Inda aka saba ramawa da ƙari, yakan kumbura har ya fi ƙarfin mai shi.

Akwai kuma auren sadaka, inda uba yake aurar da 'yarsa ga malami ko almajiri ko wani mutumin kirki marar hali, ya ɗauke masa hidimomin al'ada don neman lada.

5.0 Yunƙurin hukuma da na malamai

An sha gwada rage tsadar aure da doka. A Jamhuriyar Nijar, gwamnatin Seyni Kountché, wanda ya yi mulki daga 1974 zuwa 1987, ta ƙayyade kuɗin auren budurwa a kan jaka hamsin ta sefa. Masarautu da garuruwa da dama a Nijeriya su ma sun sha sa iyaka a kan lefe. Matsalar irin wannan doka ita ce, abin da aka hana a sarari yakan koma ta bayan gida da wani suna. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta yi wa'azi mai yawa a kan barin bidi'o'in biki, kuma hakan ya sa gidaje da dama sun taƙaita shagali zuwa walima.

Wata hanyar ita ce auren gayya da gwamnati take ɗaukar nauyinsa. A Kano, Hukumar Hisba ta fara aurar da zawarawa a 2012 da ma'aurata 100, a 2023 kuma aka ɗaura auren ma'aurata 1,800, gwamnati ta biya sadaki ta ba da kayan ɗaki da ɗan jari. Wannan ya taimaki waɗanda suka samu shiga, amma bai sauya abin da jama'a suke tsammani a sauran aurarraki ba.

6.0 Inda tsimi yake da amfani

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da ma'auni guda: a bambanta abin da zai wanzu a hannun ma'aurata da abin da zai ƙare a yini ɗaya. Sadaki mallakar amarya ne, kayan ɗaki ma dukiyarta ce, wadda takan sayar idan ta shiga matsi, takan kuma tafi da ita idan aure ya mutu. Matse waɗannan fiye da kima tauye mace ne. Amma kuɗin zauren taro da anko da jerin motoci da yawan ranakun shagali ba sa barin komai a ɗaki. Nan ne ya kamata ragi ya fara.

Na biyu, tun da hidimomin ɓangarorin nan biyu a ɗaure suke, ragi ba ya yiwuwa daga gefe ɗaya. Sai magabatan ango da na amarya sun zauna tun kafin sa rana, sun daidaita a kan yawan lefe da jere da gara, kuma lalle a sa iyaye mata a cikin shawarar, domin su ne masu ɗaukar gorin idan ya zo. Na uku, a guji tsawaita lokaci tsakanin baiko da ɗaurin aure, saboda kowace salla da ta gitta tana da nata toshi. Na huɗu, kada a ci bashin da biyansa zai cinye abincin shekarar farko, domin aure da yawa daga nan yake fara tangal-tangal.

7.0 Kammalawa

Tsimi a hidimar aure ba baƙon abu ba ne ga Hausawa. Tara kaya sannu a hankali, da kiwo, da adashi, da gudummawar dangi duk sun girmi akwati da dina. Abin da ya sauya shi ne, hidimar da dā ake rarrabawa a kan shekaru da mutane ta taru a kan tsabar kuɗi cikin 'yan watanni, gasa kuma ta shiga ciki. Gyaran yana hannun gidaje biyun da za su haɗa zuri'a, idan suka yarda tun farko a yi daidai ruwa daidai tsaki.