Jarrabawar Adabin Turanci: Me Ake Bukatar Ɗalibi Ya Haddace?

A watannin da ke gabanin jarrabawar WAEC, ba a rasa jin muryar ɗalibi a gidajen ma'aikata na Kubwa ko Lugbe yana ta maimaita jimlolin wasan kwaikwayo har tsakar dare. Dalilin a fili yake: ba a shiga zauren jarrabawar Adabin Turanci da littafi, kuma mai burin karanta fannin shari'a a jami'a ba shi da makawa sai ya ci wannan darasi. Abin da ke damun iyaye da 'ya'yansu shi ne yawan abin da za a haddace, da kuma makomar ɗalibi idan kalma ɗaya ta kuɓuce masa.

Wannan damuwa ta taɓa kaiwa har zauren majalisa a Birtaniya. A shekarar 2015 makarantun Ingila suka fara koyar da sabuwar manhajar GCSE, jarrabawar da yara 'yan shekara 16 ke rubutawa, wadda aka tsara a zamanin da Michael Gove ke riƙe da ma'aikatar ilimi. Sabon tsarin ya hana shiga jarrabawar adabi da littafi. Fiye da mutum 100,000 suka sa hannu a takardar koke, majalisa ta yi muhawara a kai a 2017, amma gwamnati ba ta janye ba. Hujjarta ita ce ba yawan hadda ake aunawa ba. Ƙa'idar ba da maki ta nemi ɗalibi ya kafa hujja da abin da ke cikin littafin, kuma kawo kalaman marubuci hanya ɗaya ce kawai daga cikin hanyoyin yin hakan. Hukumar jarrabawa ta AQA ma takan buga wani yanki na wasan Shakespeare a takardar tambaya, sannan ta buga waƙa ɗaya daga cikin 15 da aka karanta, ɗalibi ya kwatanta ta da wata daga ƙwaƙwalwarsa.

Tsarin WAEC bai yi nisa da wannan ba. A takarda ta farko mai tambayoyi 50 na zaɓi, 20 daga ciki sun shafi wasan Shakespeare, wanda daga 2021 zuwa 2025 shi ne A Midsummer Night's Dream. Ana kawo maganar a rubuce, sai a tambayi wanda ya faɗe ta, da wanda aka faɗa wa, da halin da ake ciki. Wanda ya haddace jimla bai san mai ita ba, haddarsa ba za ta fisshe shi ba.

Haka abin yake a tambayoyin sharhi. A wasan The Lion and the Jewel na Wole Soyinka, ɗalibin da ya bayyana da kalmominsa cewa Lakunle ya ƙi biyan kuɗin auren Sidi don yana ganin al'adar koma-baya ce, kuma wannan taurin kai ya buɗe wa Baroka ƙofa, ya riga ya kafa hujja. Ya fi wanda ya cika shafi da doguwar magana wadda rabinta ƙirƙirarsa ce.

A nan ne haɗarin yake. Alamar zance alkawari ce cewa abin da ke tsakaninta kalaman marubucin ne, babu ƙari babu ragi. Turancin Shakespeare ya haura shekara 400, jerin kalmominsa ya saɓa wa na yau, ƙwaƙwalwa kuwa takan gyara abin da ba ta saba da shi ba ba tare da mai ita ya ankara ba. Mai duba takarda ya san littafin, da zarar ya ga an ƙaga wa marubuci magana sai ya fara shakkar sauran amsar.

Mafita ba ta da wuya. Ɗalibi ya zaɓi gajerun kalamai, na kalma uku ko huɗu, ya ɗaure kowanne da mai magana da wurin da aka yi ta. Ya rufe littafin ya rubuta, sannan ya buɗe ya gwada harafi da harafi, kuma da ainihin littafin, ba ƙananan littattafan taƙaitawa na kasuwa ba. Inda ya yi shakka a zaure, ya ajiye alamar zance ya faɗi ma'anar da bakinsa.

Iyayen da ke rubuta takardun ofis ko jawabin masu gidansu sun san wannan darasi tun tuni. Wanda ya ambato sashen dokar aiki ba daidai ba ya san abin da ke biyo baya. Taimakon da za su iya yi wa ɗansu kaɗan ne amma mai amfani: su riƙe littafin, shi ya karanto, su tsayar da shi a duk inda ya sauya kalma.