Lemun Tsami da Ruwan Alkalin Ba Sa Gyara Jini

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a WhatsApp, har ta shiga bakin masu tallan magani da ma wasu masu ilimi: wai yawancin cututtuka, musamman ciwon daji, suna samun gindin zama ne idan asid ya yi wa jini yawa. Nama da sukari da lemon kwalba ne ke jawo haka, in ji su, maganin kuma shi ne ruwan ɗumi da lemun tsami da sassafe, ko ruwan alkalin na gora mai tsada, ko ɗan jiƙon kanwa. Masu yaɗa wannan ba da mugun nufi suke yi ba. Da yawansu sun yi jinyar wani nasu, sun ga tsadar asibiti, suna neman rigakafi mai sauƙi. Maganar kuma tana da ƙanshin gaskiya, domin asid kan yi wa jini yawa, har ya yi kisa. Inda aka kauce shi ne wajen abin da ke haddasa hakan da abin da ke gyara shi.

Likitoci na amfani da ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14: ƙasa da 7 asid ne, sama da 7 alkalin. Jinin mai lafiya yana tsakanin 7.35 da 7.45, ko tuwo ya ci ko kilishi. Ba abinci ke tsare shi a nan ba. A cikin jinin akwai sinadarin baikabonet da ke kwantar da asid nan take. Huhu na fitar da iskar kabon dayoksaid, wadda ke zama asid in ta taru, kuma cikin mintuna numfashi ke ƙaruwa ko raguwa gwargwadon buƙata. Ƙoda ce mai aiki a hankali, awanni zuwa kwanaki, tana zubar da rarar asid a fitsari.

To, ina ruwan alkalin ya shigo? Kafin ya kai ga jini sai ya sauka a ciki, inda ruwan narka abinci ke da pH 1.5 zuwa 3.5. Kofi ɗaya na ruwa mai pH 8 ko 9 a wannan wuri kamar cokalin ruwan sanyi ne a tukunyar da ke tafasa. Shi kuwa lemun tsami asid ne da kansa. Masu kare shi kan ce ai bayan narkewa yana komawa alkalin, kuma akwai gaskiya a nan: jiki na mayar da wani sinadarinsa baikabonet. Sai dai ƙoda na fitar da rarar, don haka fitsari ne ke sauyawa, jini yana nan yadda yake. Wanda ya tsoma takardar gwaji a fitsarinsa ya ga launi ya canza, abin da ƙodarsa ta zubar ya auna. Fitsarin mai lafiya kan yi yawo daga 4.5 zuwa 8.

Hujjar da aka fi taƙama da ita ita ce ta Otto Warburg, Bajamushen da ya ci kyautar Nobel a 1931. Abin da ya lura da shi a shekarun 1920 shi ne ƙwayoyin ciwon daji na cin sukari da yawa suna fitar da asid, ko da akwai isasshiyar iskar oksijin. Ke nan ciwon ne ke tsamar da naman da ke kewaye da shi. An juya maganar ne ta koma wai asid ke haifar da ciwon. Daji na jini ma a cikin jini mai pH 7.4 yake yaɗuwa.

Idan jini ya karkata da gaske, akwai babbar cuta a ƙasa. Mai ciwon sukari da insulin ya yanke masa, jikinsa kan koma ƙona kitse, asid ya taru, sai a gan shi yana jan numfashi mai zurfi, ga ƙishirwa da amai, bakinsa na wani wari mai zaƙi-zaƙi. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya yi wa tsanani kan yi irin wannan numfashin, wanda alama ce ta haɗari. Mai kwalara na asarar baikabonet ta gudawa. Mai ciwon ƙoda ya kasa fitar da asid. Waɗannan insulin, ƙarin ruwa, allurar zazzaɓi ko wankin ƙoda suke buƙata cikin gaggawa.

Ɗaya ɓangaren ma cuta ne, abin da masu tallan ba sa faɗa. Yawan amai ko yawan shan kanwa da bakin soda don ƙwannafi na iya sa jini ya wuce 7.45, gaɓoɓi su riƙa sagewa, bugun zuciya ya rikice. Kanwa kuma tana ɗauke da sodiyam mai yawa, irin na gishiri. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi zargin kunun kanwa da wankan jego na da hannu a ciwon zuciyar masu jego, ko da yake binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan.

Ba na hana kowa lemun tsami. Ganye da 'ya'yan itace suna da amfani, rage lemon kwalba kuma dabara ce mai kyau, amma don dalilan da ba su shafi pH na jini ba. Likitoci da kansu kan ba wasu masu ciwon ƙoda baikabonet, bayan sun ɗebi jini sun auna, suna kuma sake aunawa. Abin da nake tsoro shi ne matar da ta ji ƙullutu a mama ta yi wata shida tana shan ruwan gora, alhali a waɗannan watannin ne tiyata ta fi yi mata amfani.