Ina Gishiri Yake Tafiya Idan Ya Narke, Kuma Alwala Ta Inganta Da Ruwan?

Tambaya: Malam, muna kiwo a kusa da Maigatari. Ruwan rijiyarmu yana da ɗanɗanon kanwa, kuma wani lokaci mukan jefa gishirin kantu a kwamin shayar da dabbobi. Ina gishirin yake tafiya idan ya narke? Shin za mu iya alwala da wannan ruwa?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ka sani, ɗan'uwa, gishirin da ya narke yana nan cikin ruwan, rarrabuwa kawai ya yi. Masana kimiyya sun bayyana cewa Allah Ya haɗa gishiri daga ƙwayoyi biyu: sodiyam mai cajin ƙari, da kuloraid mai cajin ragi, kamar kai da gindin batir. Saɓanin cajin ne yake sa su riƙe juna gam, jere bisa jere, har su zama dunƙule.

Ita kuwa ƙwayar ruwa, oksijin ɗaya ce da haidirojin biyu. Gefen oksijin yana da ɗan cajin ragi, gefen haidirojin yana da ɗan cajin ƙari. Idan gishiri ya faɗa ruwa, ƙwayoyin ruwa sukan juya gefen oksijin ga sodiyam, su juya gefen haidirojin ga kuloraid. Ƙwaya ɗaya ba ta da ƙarfin raba su, amma idan suka taru sai su cizge ƙwayoyin gishirin ɗaya bayan ɗaya, su kewaye kowace, su hana ta komawa ga 'yar'uwarta. Man gyaɗa ba shi da waɗannan gefuna, shi ya sa gishiri yake kwanciya a ƙasansa.

Wannan aiki yana da iyaka: lita ɗaya ta ruwa takan narkar da gishiri kimanin giram 360, abin da ya ƙaru sai ya zauna. Idan rana ta busar da ruwan, ƙwayoyin sukan koma su haɗu. Haka mutanen Bilma a Nijar suke samun gishirin da ake yin kantu da shi.

Game da hukunci, ruwan da ya canja saboda ƙasar da yake zaune a cikinta, kamar kanwa ko gishirin rijiyarku, mai tsarkakewa ne, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid. Haka nan ya tabbata a Muwaɗɗa cewa Annabi (SAW) ya hukunta tsarkakewar ruwan teku, alhali kowace lita tasa tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35.

Amma gishirin da aka jefa da gangan har ya canja ɗanɗanon ruwa, malaman Malikiyya sun yi saɓani a kansa. Mashhurin zance shi ne ba ya cutarwa, domin gishiri daga jinsin ƙasa yake. Ibn Yunus ya rinjayar da cewa yana cire wa ruwan ikon tsarkakewa. Don haka ku yi alwala da ruwan rijiyarku ba tare da waswasi ba. Ruwan kwami kuwa, idan akwai wani, barinsa ya fi, domin fita daga saɓani. Idan najasa ce ta canja launi, ɗanɗano ko ƙanshin ruwa, to, bai halatta ga alwala ba.

Allah ne Mafi sani.