Madubin Da Ke Kewaya Wurin Da Babu Komai

Ran 25 ga Disamba, 1921 ba ta ga irin wannan ba, amma ran 25 ga Disamba, 2021 aka harba madubin hangen taurari mai suna James Webb daga Kourou a Kudancin Amurka. Bayan wata guda ya isa masaukinsa, kilomita miliyan 1.5 daga duniya, ta ɓangaren da ya ba rana baya. Babu ko tsakuwa a wurin, sarari ne fayau.

Masana suna kiransa L2, domin tunawa da Lagrange, masanin lissafin da ya nazarci irin waɗannan wurare a 1772. A ƙa'ida, abin da ya fi duniya nisa daga rana yakan fi ta jinkirin zagayawa. To, amma a L2 jan duniya yana ƙaruwa a kan na rana, sai madubin ya gama zagayensa cikin shekara guda, tare da duniya. Ke nan rana da duniya da wata kullum suna gefe ɗaya, laima guda ta isa ta tare masa zafinsu.

Sai dai fa zaman wurin tamkar ɗora ƙwai ne bisa tabarya. Madubin ba ya tsayawa cik. Kewaya wurin yake yi cikin wata 6, don kada inuwar duniya ta raba shi da hasken da ke ba shi lantarki. Kusan kowane mako 3 sai an tayar da ƙananan injunansa an gyara masa zama. Su kuwa gaba kaɗai suke iya tura shi, domin in ya juyo, rana za ta lalata na'urorinsa. Saboda haka kullum akan tura shi da ragi, kada ya zarce.

Hukumar NASA ta ce man da yake ɗauke da shi zai kai kimanin shekara 20.