Dajin duwatsun Atlas: wuta na ci, yana sake tashi

Ƴan uwa manoma da makiyaya, yau za mu leƙa arewa, bayan hamada. Can akwai jerin duwatsu masu suna Atlas. Sun ratsa Maroko da Aljeriya da Tunisiya, tsawon wajen kilomita 2,500. Ruwansu yana sauka lokacin sanyi, wani wuri har da ƙanƙara. Watannin da muke damina, su suna cikin zafi da fari. Duk da haka akwai daji a jikin duwatsun. Itatuwa biyu ne za mu duba.

Ballut da sanaubar

Na farko Larabawa suna ce masa ballut. Ganyensa ƙanana ne masu tauri, ba ya kaɗe su duk shekara. Bayan ganyen akwai ɗan gashi fari da ke hana ruwa saurin fita. Saiwarsa tana nitsewa cikin tsagar dutse. Ƴaƴansa kamar dabino suke, da ƴar hula a kai. Mutane suna cin masu zaƙi, bisashe da birai ma suna ci. Wani tsuntsu yana binne ƴaƴan don ajiya. Waɗanda ya manta su ne ke tsirowa.

Na biyu shi ne sanaubar. Ganyensa siriri ne kamar allura, biyu-biyu. Jikinsa yana da ƙaro mai saurin kama wuta. Irinsa yana cikin kwanso mai tauri. A Tunisiya da wannan iri ake dama wani kunu mai kauri na bikin Mauludi. Ƙarƙashin itatuwan akwai ciyawar halfa da ake saƙa tabarmi da ita, da ƙananan itatuwa masu ƙamshi da zuma ke bi.

Yadda suke yi da wuta

Kowane da dabararsa. In an sare ballut ko wuta ta cinye shi, kututturen bai mutu ba. Sai ya yi toho daga gindi. Shi sanaubar, in ya ƙone ba ya toho. Amma wasu kwansunansa suna zama a rufe shekara da shekaru. Zafin wuta ne ke buɗe su, irin ya zuba cikin toka, ya tsiro da ruwan farko. Sanaubar yana son rana, shi ke fara kama fili. Daga baya ballut ya taso cikin inuwarsa.

To, mene ne ke kashe wannan daji? Rashin hutu. Ƙaramin sanaubar sai ya shekara goma ko fiye kafin ya tara isasshen iri. In wuta ta dawo kafin nan, zuri'a ta yanke. In awaki suna cinye tohon ballut kullum, saiwa takan gaji ta mutu. Daga nan ruwa ya kwashe ƙasa, ya bar dutse tsirara. Wutar kuma ba itace kaɗai take ci ba. A watan Agusta 2021 gobarar daji ta kashe mutane gommai a yankin Kabili na Aljeriya.

Dabaru biyu

Daga shekarun 1970 Aljeriya ta shiga dasa katangar itatuwa mai tsawon kilomita 1,500 don tare hamada. An fi dasa sanaubar shi kaɗai. Wata tsutsa mai cin ganyensa ta samu abinci ko'ina, ta yi ɓarna. Kiwo da fari suka ƙara. A 2023 aka sake ɗaukar aikin, da niyyar haɗa itatuwa iri-iri da sa hannun mazauna wurin.

Mutanen duwatsun Maroko kuwa, waɗanda harshensu dangin na Abzinawa ne, suna da tsohuwar al'ada mai suna agdal. Dattawan gari su taru su rufe wani yanki na daji ko makiyaya. Ba kiwo, ba sara, sai ranar da aka yanka. Wanda ya karya doka ya biya tara. In ƙanƙara ta rufe ciyawa, sai a buɗe daji a yanko ganyen ballut domin bisashe.

Abin da ya shafe mu

Ballut da sanaubar ba sa tsirowa a Maradi ko Damagaram. Amma halin kututture ɗaya ne. Tun shekarun 1980 manoman Maradi suka fara sassabin zamani: a bar tohon sabara da kalgo, a zaɓi masu ƙarfi, a rage sauran. Yau gonakin Nijar da suka farfaɗo ta wannan hanya sun kai wajen hekta miliyan 5.

Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Mu kiyaye wutar daji. Mu tsare toho daga bakin akuya. Kada mu dogara ga itace iri ɗaya. In an tashi daga karatu, mu zauna da maigari mu tambayi juna: wane fili ne za mu ba hutu bana?